Ƙarfe a Gefen Kushewa: Abin da Na'urar Gano Ƙarfe Ke Tonowa a Tsofaffin Makabartu

Duk wanda ya yi sallar Juma'a a manyan masallatan Kano cikin shekarun da aka yi fama da tashin bama-bamai ya san ƙaramar na'urar nan da 'yan agaji ke shafa wa mutum a bakin ƙofa, wadda ke ƙara da zarar ta ji makulli ko wayar salula a aljihu. Tana da babbar ya, mai doguwar sanda da faifai a ƙarshenta, wadda ake kaɗawa dab da ƙasa ana sauraron kukanta. Mutanenmu sun fi sanin wannan ta hannun masu neman zinare, musamman tun daga 2014 da arzikin Jado ya bayyana a arewacin Nijar, matasa suka yi ta tururuwa ta Agadas. A Turai da Amurka kuwa abin sha'awa ne na ranar hutu, inda mutum zai saɓi na'urarsa ya shiga gona ko filin tsohon ƙauye yana neman tsabar kuɗin dā. Daga cikin labaran da irin waɗannan mutane ke bayarwa, waɗanda suka fi tayar da tsigar jiki su ne na abubuwan da suka tono a kusa da tsofaffin makabartu.

Ni ma na ga irin wannan da idona. Wani matashi a unguwarmu da ya dawo daga wajen haƙar zinare da na'urarsa ya fita da ita wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya bi gefen katangar wata tsohuwar makabarta, wajen da zaizaya ta ci ƙasa ta gangara cikin kududdufi. Na'urar ta yi kuka, ya tona kamar tsawon taƙi guda, sai ya ciro kwaɗo a kulle, ya yi jawur da tsatsa, an naɗe shi da baƙin zare tam, an soka allurai uku a cikin wani tsumma da ke manne da shi. Kafin a ce kwabo yara sun kewaye shi. Wani dattijo da ya shafe shekaru masu yawa yana haƙar kabari a wurin ya zo ya tsaya, bai taɓa abin da hannu ba, sai da ya sa kara ya juya shi, sannan ya dubi matashin ya ce, "Ɗana, wannan ba kayan mamaci ba ne, na mai rai ne. Mamaci da likkafaninsa kaɗai ya zo nan." A ganina wannan magana ta dattijon ita ce mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya.

Kafin a je ga abin da ake tonowa, ya kamata a san abin da na'urar ke iya ji da abin da ba ta iya ji, domin jahilcin wannan ne ke sa wasu su ɗauka tana hango cikin ƙasa kamar madubi. A cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da wutar batir ke bi ta cikinta tana kai da komo, wanda hakan ke haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. Idan wannan ƙarfi ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, ita ma ta mayar da nata maganaɗisun, waya ta biyu da ke cikin faifan ta karɓa ta juya shi ya zama ƙara. Da yake baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa da zinariya ba su amsawa iri ɗaya, na'urar kan yi hasashen irin ƙarfen, amma hasashe ne kawai, kuma sau da yawa murfin kwalba kan yi mata kukan zobe. Zurfin da take kaiwa ma bai taka kara ya karya ba: ƙaramin abu kamar tsabar kuɗi ba kasafai ake jin sa ba idan ya wuce ƙafa guda a ƙasa, sai dai babban abu. Ba ta jin ƙashi, ba ta jin itace, ba ta jin tukunyar ƙasa ko ƙyalle. Iyakarta ta bayyana tun farkon tarihinta, domin a 1881 Alexander Graham Bell ya gwada wata irinta don gano harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, aikin bai yi nasara ba, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da wayoyin ƙarfe da ke cikin gadon da majinyacin ke kwance a kai. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gyara ta, lokacin da wani hafsan sojan Folan, Józef Kosacki, ya ƙera mai gano nakiyoyi a 1941, aka yi aiki da ita a fagen Alamain na Masar a 1942.

To, tunda ƙarfe kaɗai take ji, yawan abin da za ta samu a makabarta ya danganta ne da al'adar binne gawa ta mutanen wurin. A nan ne Turai ta bambanta da mu nesa ba kusa ba. Su a akwati suke binnewa, akwatin kuma yana da ƙusoshi da mariƙai da ƙaramin allon tagulla ko dalma mai ɗauke da sunan mamaci da shekarar rasuwarsa. Sukan bar wa gawa zoben aure, da maɓallan riga, da gicciye, wani lokaci har da haƙorin zinariya. Idan shekaru suka tura, katako ya ruɓe, garma ta bi ta kan filin da aka manta cewa makabarta ce, sai waɗannan abubuwa su taso kusa da sama. Mutum zai ji ƙara, ya tona yana murnar ya sami tsohon kuɗi, ya goge ƙasar da yatsa, sai ya ga sunan jariri da kwanakin da ya yi a duniya. Tun zamanin Girkawa da Rumawa ma akwai al'adar sanya wa mamaci tsabar kuɗi a baki, a bisa imaninsu cewa ladan mai kwalekwalen da zai ƙetarar da shi ne, don haka kuɗin da aka tsinta a irin wannan wuri yana iya kasancewa daga cikin ƙoƙon kan mutum ya fito.

Akwai kuma abubuwan da tsoro ne ya sa aka binne su. A Sikotilan, a farkon ƙarni na 19, satar gawa don sayar wa makarantun likitanci ta yi ƙamari har dangi suka riƙa rufe sabon kabari da keji na baƙin ƙarfe, ba a cire shi sai gawar ta lalace yadda ba za ta sayu ba. Dokar da aka kafa a 1832 kan samar wa likitoci gawa ta halas ce ta kashe kasuwar. A Folan, a wani ƙauye da ake kira Pień, masu binciken kayan tarihi sun tono kabarin wata mata ta ƙarni na 17 a shekarar 2022, suka tarar an gitta mata lauje a wuya an kuma maƙala mata kwaɗo a babban yatsan ƙafa, abin da masana suka fassara da cewa mutanen garin na tsoron kada ta tashi ta dawo musu. A Ingila an sha samun kwalabe cike da ƙusoshi da allurai da gashi da fitsari, waɗanda mutanen ƙarni na 17 ke binnewa don mayar wa maye da maitarsa. Mafi kama da abin da muka sani a nan su ne fallayen dalma na Girkawa da Rumawa, waɗanda aka samu fiye da 1,500: mutum zai rubuta sunan abokin gabarsa ko kishiya ko wanda suke shari'a da shi, ya naɗe fallen, ya soka masa ƙusa, ya je ya tura shi cikin kabari ko rijiya. Wanda ya san abin da ake tsinta a makabartunmu idan an yi gayyar shara ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin zuciyar mai hassada iri ɗaya ce ko a Rum ko a Kano.

Wani nau'in kuma ya fi ƙarfin tsoro, haɗari ne tsagwaronsa. A filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke Faransa da Beljiyam, har yau manoma na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, wasu ma masu iskar guba, kuma a gefensu akan sami hular kwano da lambar wuya da ƙasusuwan sojojin da ba a taɓa yi wa jana'iza ba. Abin da ya kwanta fiye da shekara ɗari a ƙasa yana iya tashi da bugun shebur guda.

Idan aka dawo gida, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Musulmin Kano ana yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a ɗauke shi a makara, makarar kuma ta koma masallaci ko gidan mai unguwa. A makabarta akan haƙa babban rami, a haƙa ƙarami a cikinsa daidai jikin mamaci, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a rufe, a toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a mayar da busasshiya. Zobe da agogo da 'yan kunne an cire su tun a wajen wanka, sun shiga cikin gado. Ko a Dandolo ko a Tarauni, attajiri da almajiri da ƙyalle suke kwance, babu ko ƙusa ɗaya. Saboda haka duk ƙarfen da na'ura za ta ji a makabartar Musulmi mai rai ne ya kawo shi. Wani ɓata ya yi: anini ko ɗari ko kwabo mai huji na zamanin Turawa da ya zube daga aljihun mai rakiyar gawa, ko bakin diga da ya karye a hannun mai haƙa. Wani alama ce, irin allunan ƙarfen da dangi ke kafawa da sunan mamaci, waɗanda masu kula da makabartu ke yawan kukan ɓatagari na tumɓukewa su kai wa 'yan gwangwan. Na ukun shi ne irin kwaɗon nan, da layu, da ƙahonni, da allurai, da gwangwanaye masu rubutu a ciki, wato sammu da asirin da wani ya bi dare ya binne don ya ɗaure wani. Makabartun Kirista da ke Sabon Gari da kewayensa, inda ake binnewa a akwati, su ne suka fi kusa da yanayin Turai.

Wannan ba ya nufin ƙasar Hausa ba ta da kaburbura masu ƙarfe, sai dai sun girmi al'adar da muka tashi a cikinta. A Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai tuddai da suke kaburburan manyan mutane ne. An fara tona su a 1907, aka sake a 1992, daga baya aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus aka yi nazari a kai. An tarar da mundaye na tagulla, da kayan ado na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da tasoshin da suka fito daga ƙasashen Larabawa, kuma an ƙiyasta shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A Igbo-Ukwu ma, a kudu maso gabas, mutumin da ke haƙa rami a gidansa ne ya fara cin karo da kayan tagulla, kafin masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya tono ɗakin kabarin wani babban mutum a aikin da ya fara a 1959. Kano kanta tana zaune ne a kan dogon tarihi: an sami shaidar narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 kuwa an yi ta faɗaɗa ta, har da zamanin Muhammadu Rumfa. Wanda ya yawata da na'ura a waɗannan wurare zai yi ta jin kashin maƙera, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ba za a ci karo da kabarin da ya riga Musulunci kafuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makabartun da suka ɓace. Birni ya cika ya batse, wuraren da kakanninmu suka sani a matsayin bayan gari yanzu unguwanni ne masu shaguna da gidajen bene, kuma magina da dama za su ba ka labarin ƙasusuwan da suka gani a ramin harsashin gini ko na masai. Filin da matashi zai ɗauka fili ne kawai yana iya zama kushewar mutane ɗari da babu sauran mai tuna sunansu. Na'urar ba za ta gargaɗe shi ba tunda ba ta jin ƙashi. Za ta yi kuka ne a kan wata tsohuwar ƙusa, shi kuma ya bi kukan da shebur, sai shebur ɗin ya sami abin da na'urar ba ta ji ba.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma a wani hadisin ya nuna cewa mutum ya zauna a kan garwashi ya ƙone tufarsa har ya kai ga fata ya fi masa alheri da ya zauna a kan kabari. Idan zama kawai ya kai haka, ina ga tona? Imamu Malik ya ɗauki kabari a matsayin ma'ajiyar abin da ke cikinsa, shi ya sa ya ga hukuncin ɓarawo a kan mai tone kabari ya saci likkafani idan kimarsa ta kai nisabi. Masu neman hujja sukan kawo batun rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka samu a binne, wadda ake fitar da ɗaya bisa biyar nata. Hukuncin gaskiya ne, amma malaman Malikiyya da suka kawo shi su ne kuma suka karhanta tona kaburburan jahiliyyar don neman dukiya, balle na Musulmi. Abin da ke ɗauke da alamar Musulunci kuwa, kamar zoben da ya faɗi daga hannun mai ziyara, hukuncin tsintuwa yake ɗauka, sai an yi cigiyarsa shekara guda.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuka na Arewa ya sanya keta alfarmar makabarta da wulaƙanta gawa cikin laifuka, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa kuma ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta kuma hana saye da sayar da su ga wanda ba a amince masa ba. Mun ga abin da rashin kiyaye wannan ya jawo a yankin Nok da Kwatarkwashi, inda aka wawushe gumakan yumɓu aka fitar da su waje, aka bar ramuka da tarihin da ba zai sake haɗuwa ba. Ingila da ke da ɗimbin masu wannan sha'awa ba sakaka ta bar su ba: dokarta ta 1996 ta wajabta kai rahoton duk wata taska da aka samu, ta 1857 kuma ta hana ɗaga gawa daga makwancinta sai da lasisi.

Dalilin wannan tsanani ya fi fitowa fili a abin da ya faru a Cumwhitton, a arewacin Ingila, a 2004. Wani mai na'ura ya tsinci wani abin maƙale riga na mata irin na mutanen Bikin, wato mayaƙan teku na arewacin Turai, maimakon ya ci gaba da tono sai ya kai rahoto. Da masana suka zo suka bi wurin a hankali, sai suka gano kaburbura shida na ƙarni na 10, maza huɗu da mata biyu. Ƙasar wurin ta cinye ƙasusuwan kusan ƙarƙaf, abin da ya rage shi ne takubba da māsu da kayan ado, kowanne a inda aka ajiye shi, kuma daga yadda aka jera su ne aka gane inda kai yake da inda ƙafa take, da wane ne namiji wace ce mace. Da mutumin ya kwashe su ya zuba a buhu, da an sami tarin tsatsa mai ɗan kuɗi, mutum shidan kuma sun ɓace har abada. Darajar abin da ke ƙasa rabinta a jikinsa take, rabi kuma a wurin da yake kwance da abin da ke maƙwabtaka da shi.

Ban ce na'urar ba ta da amfani ba. A hannun ma'aikatan tarihi tana taimakawa wajen sanin iyakar tsohon wuri kafin a sa diga, a hannun jami'an tsaro tana gano nakiya da makamin da aka ɓoye, kuma mai gona da ya zubar da makullinsa yana iya neman taimakonta. Abin da nake gani shi ne makabarta da kewayenta, wadda ake binnewa da wadda aka daina, ba wurinta ba ne. Wanda kuma ya ci karo da ƙashi yana haƙar gini ko rijiya, abin da ya dace shi ne ya dakata nan take, ya rufe wurin da tabarma ko buhu, ya sanar da mai unguwa da liman da 'yan sanda, domin ƙashin na iya zama na kaka na bakwai, yana kuma iya zama na wanda aka kashe bara ake nema. Idan tare da kayan dā ne, ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama suna nan a tsakiyar birni, kusa da gidan Sarki.

Shi kuwa kwaɗon nan, dattijon ya aika aka kira limamin unguwa, wanda ya karanta Falaƙi da Nasi yana warware zaren sili-sili, aka ƙona tsumman, aka sa guduma aka fasa ƙarfen. Ba a sami suna a ciki ba, ruwa ya riga ya wanke duk abin da aka rubuta. Sannan dattijon ya miƙa wa matashin shebur ya ce ya mayar da ƙasar da ya tona, ya tsaya a kansa har sai da ya daddale ta da ƙafa, domin a cewarsa daga bakin ramin zuwa kabarin farko da ke bayan katangar bai kai kamu uku ba, kuma ruwan sama ba ya buƙatar ƙofar da ta fi wannan girma.